Asalin Kalmar Dzeguze da Nahawunta a Harshen Latbiyanci

1.0 Gabatarwa

Duk malamin harshe yakan gamu da tambayar ɗalibai a kan inda wata kalma ta samo asali. Sau da yawa amsar da ake bayarwa ba ta wuce kamannin da kunne ya ji tsakanin kalmomi biyu, sai a ce wannan daga waccan ta fito. Ilimin kimiyyar harshe ba ya karɓar irin wannan amsa, domin kama da wane ba ta wane. A wannan babi za a ɗauki sunan wani tsuntsu a harshen Latbiyanci, wato dzeguze, a bi diddigin asalinsa, sannan a duba yadda yake sauya siga a cikin jimla. An zaɓi harshe na nesa ne da gangan, domin ɗalibi ya rasa abin dogaro sai hujjar da ke gabansa. Manufar ita ce a nuna cewa ana tabbatar da asalin kalma ta hanyar daidaiton sauye-sauyen sauti da ke maimaita kansu a kalmomi masu yawa.

2.0 Harshen Latbiyanci

Latbiya ƙasa ce da ke gabar Tekun Baltik a arewa maso gabashin Turai. Tana iyaka da Estoniya da Rasha da Belarus da Lituwaniya, kuma babban birninta shi ne Riga. Mutanen da suka tashi da Latbiyanci a matsayin harshen uwa sun kai kimanin miliyan ɗaya da rabi. Harshen yana cikin reshen Baltik na babban dangin Indo-Turai. A yau harsuna biyu ne manya suka rage a wannan reshe, Latbiyanci da Lituwaniyanci. Na ukunsu, wato tsohon Furusanci, ya mutu wajen farkon ƙarni na 18 bayan Jamusanci ya mamaye masu magana da shi. Hausa kuwa tana cikin dangin Cadi na Afro-Asiya, saboda haka babu dangantakar jini tsakaninta da waɗannan harsuna.

Littafi mafi tsufa da ya tsira a Latbiyanci an buga shi ne a shekarar 1585. Ƙa'idar rubutun da ake amfani da ita yanzu ta samo tushe daga aikin wani kwamiti na shekarar 1908, wanda masana biyu, Kārlis Mīlenbahs da Jānis Endzelīns, suka taka rawa a cikinsa. Domin karanta misalan wannan babi, sai a kula da waɗannan haruffa:

dz: d da z a haɗe, a furta su lokaci guda
c: kamar ts, amma ba tare da tsuke maƙwallato ba
š: kamar sh na Hausa
ž: kamar yadda Hausawan Nijar da dama ke furta j
j: kamar y na Hausa

Layin da ke kan wasali, kamar ē ko ū, alamar tsawo ce. Nauyin furuci kusan kullum yana kan gaɓar farko, don haka a dzeguze gaɓar dze- ce ke ɗauke da shi.

3.0 Tsuntsun da Ake Magana a Kansa

Dzeguze shi ne tsuntsun da masana halittu ke kira Cuculus canorus. Girmansa ya yi kusa da na kurciya, launinsa toka-toka, da ratsi-ratsi a ƙirji kamar na shaho. An san shi da abu biyu. Na farko kukansa mai gaɓa biyu, ku-ku, wanda namijin ne kaɗai ke yin sa. Na biyu, ba ya gina sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar wani ƙaramin tsuntsu, idan ɗan ya ƙyanƙyashe sai ya ture sauran ƙwai waje, masu sheƙar su rene shi su kaɗai.

Yakan isa Latbiya a ƙarshen watan Afrilu ko farkon Mayu, kukansa ya ɗauke bayan ƙarshen Yuni. Lokacin sanyin Turai kuwa a Afirka yake yin sa, kudu da Sahara. Binciken da aka yi da na'urorin tauraron ɗan'adam tun daga shekarar 2011 ya nuna cewa irin wannan tsuntsu daga Turai yakan ratsa yankin Sahel zuwa dazuzzukan Kwango. Yana da ɗan'uwa da Bahaushe ya sani, wato ragon maza, domin zuriyarsu ɗaya, sai dai shi ragon maza yana gina sheƙarsa.

4.0 Asalin Kalmar

4.1 Takwarorinta a Harsunan Baltik

Mataki na farko a binciken asalin kalma shi ne tara takwarorinta daga harsuna mafi kusa:

(1) Latbiyanci: dzeguze
Lituwaniyanci: gegužė
Tsohon Furusanci: geguse

An sami sigar Furusanci a wani jerin kalmomi 802 na Jamusanci da Furusanci da aka kwafa wajen shekarar 1400, wanda aka fi sani da sunan garin Elbing. A Lituwaniyanci na yau gegužė ta fi nufin watan Mayu, wato watan da tsuntsun ke kuka, shi kuwa tsuntsun aka fi kiran sa gegutė.

Idan aka jera dzeguze da gegužė za a ga bambanci a wurare uku: dz da g a farko, z da ž a gaɓar ƙarshe, sai e da ė. Tambayar ita ce, shin wannan bambanci ya tsaya ga kalmar nan kaɗai, ko kuwa doka ce ta harshen baki ɗaya?

4.2 Daidaiton Sauti

A duba waɗannan misalai. Na hagu Lituwaniyanci ne, na dama Latbiyanci:

(2) gerti : dzert 'sha'
gyvas : dzīvs 'mai rai'
geležis : dzelzs 'ƙarfe'
gimti : dzimt 'a haife mutum'
gervė : dzērve 'tsuntsu dangin gauraka'

(3) galva : galva 'kai'
gulėti : gulēt 'kwanta'
gauti : gūt 'samu'

A misalai na (2), g ta zo kafin wasalin gaba, wato e ko i, sai ta koma dz a Latbiyanci. A misalai na (3) kuwa ta zo kafin wasalin da ba na gaba ba, sai ta zauna yadda take. Haka takwararta k ta yi, domin kepti 'gasa' ta Lituwaniyanci ita ce cept, akis 'ido' kuma ita ce acs.

Abin sha'awa shi ne, kalmarmu tana ɗauke da hujjar wannan doka a jikinta. A tsohuwar sigar akwai g biyu. Ta farko tana kafin e, ta zama dz. Ta biyu tana kafin u, ba ta motsa ba. Wannan kuma ya nuna wace siga ce ta fi tsufa. Daga g za a iya hasashen inda dz za ta fito, tun da wasalin da ke biye ya faɗa mana. Bugu da ƙari, harsuna biyu daga cikin ukun suna da g a farkon kalmar. Ke nan Latbiyanci ne ya sauya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin Hausa. Baƙaƙen hanɗa k da g da ƙ sukan matso gaba zuwa ganɗa idan i ko e ya biyo su, kamar a gida da kifi. Latbiyanci ya fara daga irin wannan ganɗantawa ne, sannan ya ci gaba har tsayau ɗin ya koma ɗan atishawa.

Bambanci na biyu da na uku su ma doka ce:

(4) žemė : zeme 'ƙasa'
žiema : ziema 'lokacin sanyi'
žuvis : zivs 'kifi'
upė : upe 'kogi'

A nan ž ta Lituwaniyanci ta yi daidai da z ta Latbiyanci, dogon wasalin ƙarshe ė kuma ya gajarce ya zama e. Saboda haka babu sauti ko ɗaya a dzeguze da ba a bayyana shi ba. Kalmar gadonta Latbiyanci ya yi daga kakan harsunan Baltik, ba aro ba ce.

Dokar kan taimaka wajen gane aro. Kalmar ģimene 'iyali' tana da baƙi mai kama da gy a farko, alhali ta fito daga saiwa ɗaya da dzimt. Dalili shi ne an aro ta daga giminė ta Lituwaniyanci bayan sauyin g zuwa dz ya riga ya wuce.

4.3 Dangi na Nesa

A harsunan Silab, waɗanda su ne mafi kusa da na Baltik, akwai zozulja a harshen Yukren, da žežulka a harshen Cek, da gżegżółka a harshen Folan. Masana da dama kuma suna danganta kalmar da gaukr ta tsohon harshen Iskandinabiya, da gök ta harshen Suwidin, da tsohuwar kalmar Jamusanci Gauch. Sigar ge-gu- tana nuna ninkin gaɓar farko, abin da aka saba gani a sunayen tsuntsaye. A Hausa ma ana jin irin wannan maimaici a balbela da tsattsewa da tantabara.

4.4 Kwaikwayon Sauti

Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne can asali sunan kwaikwayon kukan tsuntsun ne. To amma wanda ya ji dzeguze a yau ba zai ji ku-ku a cikinta ba. Da zarar kalmar kwaikwayo ta shiga cikin sauran kalmomin harshe, dokokin sauti sukan hau kanta kamar kowace kalma, har kamannin ya dushe. Idan haka ta faru, masu harshe kan sake komawa ga tsuntsun. Jamusanci ya ajiye Gauch ya ɗauki Kuckuck. Latbiyanci ya riƙe tsohon sunan, amma aikatau ɗin da ke nuna kukan shi ne kūkot. Sai a ce Dzeguze kūko, wato 'Dzeguze tana kuka'.

A nan akwai gargaɗi. Latinanci yana da cuculus, Faransanci coucou, Rashanci kukuška. Kamannin waɗannan kalmomi ba ya isa hujjar dangantaka, tun da kowace al'umma tana iya jin tsuntsun da kunnenta ta kwaikwaye shi. Kalmar da ta yi nisa da kukan, irin dzeguze, ita ce ta fi amfani ga mai binciken tarihi.

5.0 Nahawun Kalmar

5.1 Jinsi

Latbiyanci yana da jinsi biyu kamar Hausa, namiji da tamata, kuma ƙarshen kalma ne yakan nuna shi. Sunayen da suka ƙare da -a ko -e galibi tamata ne, don haka dzeguze tamata ce, duk da cewa namijin ne ke yin kukan da aka san tsuntsun da shi. Idan ana son bambancewa sai a ce dzeguzes tēviņš ga namiji, dzeguzes mātīte ga mace. Jinsin nahawu daban yake da jinsin halitta. Bahaushe yakan ce ungulu ba ta jewar banza, ba tare da ya duba ko namiji ne ke jewar ba.

5.2 Adadi da Matsayi

A Hausa, jerin kalmomi da ƙananan kalmomi irin su wa, da, a, su ke nuna aikin suna a jimla. A Latbiyanci ɗafa-ƙeya ne ke wannan aiki. An kasa sunaye rukuni shida bisa ga yadda suke karɓar ɗafi, kuma dzeguze tana rukuni na biyar. Nahawun gargajiya ya lissafa matsayi bakwai. Ga tilo da jam'i:

(5) Aikau: dzeguze, dzeguzes
Mallaka: dzeguzes, dzegužu
Kaikaitaccen karɓau: dzeguzei, dzeguzēm
Karɓau na kai tsaye: dzeguzi, dzeguzes
Rakiya: ar dzeguzi, ar dzeguzēm
Wuri: dzeguzē, dzeguzēs
Kira: dzeguze, dzeguzes

Ga wasu daga cikinsu a jimla:

(6) Es dzirdu dzeguzi. 'Ina jin dzeguze.'
dzeguzes ola 'ƙwan dzeguze'
Dzeguzei nav ligzdas. 'Dzeguze ba ta da sheƙa.'
Mežā kūko dzeguzes. 'Dzeguze da yawa suna kuka a daji.'

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a lura da su. Na farko, mai mallaka ne ke zuwa kafin abin mallaka, akasin Hausa. Na biyu, harshen ba shi da aikatau mai ma'anar mallaka, sai ya sa mai abu a matsayin kaikaitaccen karɓau, kamar a ce ga dzeguze babu sheƙa. Na uku, siga ɗaya, dzeguzes, tana aiki a wurare da dama, jimla ce ke bambance su. Na huɗu, tsawon wasali kaɗai ya raba dzeguze da dzeguzē, kamar yadda tsawon wasali ke bambanta ma'ana a Hausa. Masana da yawa a yau ba sa ƙirga matsayin rakiya daban, domin sigarsa ɗaya ce da ta karɓau na kai tsaye a tilo, da ta kaikaitaccen karɓau a jam'i.

5.3 Matsalar Dzegužu

A duk jerin da ke (5), wuri ɗaya ne saiwar kalmar ta sauya, wato mallakar jam'i, inda z ta koma ž. Wanda ya karanta sashe na 4.2 zai iya zaton tsohuwar ž ta gegužė ce ta tsira a nan. Wannan kuskure ne, kuma misalai za su nuna dalili:

(7) upe : upju 'kogi'
zeme : zemju 'ƙasa'
roze : rožu 'furen wardi'
klase : klašu 'aji'
māte : māšu 'uwa'

Ɗafin mallakar jam'i a wannan rukuni asalinsa -ju ne. Bayan baƙaƙen leɓe irin su p da m, j tana nan a fili. Bayan z da s da t kuwa ta narke cikin baƙin ta ganɗantar da shi. Kalmomin roze da klase aro ne, ba su da wata tsohuwar ž ko š da za su gada, amma dokar ta hau kansu. Ke nan ž ɗin dzegužu sabuwa ce, daga z da j ta fito, ta kuma yi kama da ta Lituwaniyanci bisa katari.

Ɗalibi zai tuna da kaza da kaji, da maza da miji, da ciza da ciji, inda z ta koma j kafin wasalin gaba. Tsarin iri ɗaya ne, amma wannan bai sa Hausa ta zama 'yar'uwar Latbiyanci ba. Ganɗantawa aikin gaɓoɓin furuci ne, ana samun ta a harsuna barkatai. Har ma akwai kalmar kaza a Latbiyanci, ma'anarta akuya. Mallakar jam'inta kazu ce, ba tare da ž ba, domin tana rukuni na huɗu wanda ɗafinsa ba shi da j. Wanda ya dogara da kamanni kaɗai zai haɗa akuya da kaza a keji ɗaya.

5.4 Sifa

Latbiyanci ba shi da madanganci irin -n da -r na Hausa a jikin suna. Sifa ce ke nuna sananne da wanda ba sananne ba. Pelēka dzeguze na nufin wata dzeguze mai launin toka, pelēkā dzeguze kuma ita ce mai launin tokar da aka sani.

6.0 Kalmomin da Aka Tsira daga Dzeguze

Da ɗafa-ƙeya -īte ana samun dzeguzīte, wadda ke aikin tsigalau 'yar a Hausa, tana kuma nuna ƙauna. Irin wannan ƙaramtawa ta yawaita a waƙoƙin gargajiyar Latbiya da Krišjānis Barons ya tattara aka buga tsakanin 1894 da 1915. Da -ēns kuma ana samun dzeguzēns 'ɗan tsakon dzeguze', wanda jinsinsa namiji ne, kamar pīlēns 'ɗan agwagwa' daga pīle. Ɗafin ne ke yanke jinsin kalmar.

Harɗaɗɗun sunaye kuwa ana gina su a kan mallakar jam'i, a yar da wasalin u:

(8) dzegužu + kalns 'tudu' = Dzegužkalns
dzegužu + puķe 'fure' = dzegužpuķe
dzegužu + kurpe 'takalmi' = dzegužkurpe

Dzegužkalns wani tudu ne a birnin Riga, yamma da kogin Daugava. Sauran biyun sunayen furanni ne da ke tohowa a lokacin da tsuntsun ke kuka, kuma furen dzegužkurpe yana da wata jaka rawaya mai kama da takalmi. Hausa ma takan raɗa wa tsiro suna daga tsuntsu, kamar idon zakara. Wanda bai san mallakar jam'i ba, ba zai gane daga ina ž ta shigo waɗannan kalmomi ba.

Daga kūkot ana samun aizkūkot da ɗafa-goshi aiz-. Kalmar tana ɗauke da wani tsohon camfi, cewa wanda kukan farko na shekara ya riske shi bai karya kumallo ba, ko babu kuɗi a aljihunsa, to zai yi shekarar cikin rashi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa dzeguze ta fito daga tsohuwar siga mai kama da geguse da gegužė, an kuma bayyana kowane sauti nata da dokar da ke aiki a wasu kalmomin. An ga kamanni iri uku da ba su zama hujja ba: na kalmomin kwaikwayon kuka, da na ž ɗin dzegužu, da na kaza. Malamin da zai koyar da asalin kalmomin Hausa, na gado ne ko na aro daga Larabci ko Azbinanci ko Barebarci ko Ingilishi, wannan hanya ce ta kamata ya bi, ya kuma ɗora ɗalibansa a kanta.

Akwai kuma darasi a jerin kalmomin Elbing. Da wani marubuci bai rubuta geguse ba shekaru ɗari shida da suka wuce, da shaida ɗaya daga cikin uku ta ɓace tare da masu harshen. Sunayen tsuntsaye da itatuwa a kare-karen Hausa suna bakin manoma da maharba da makiyaya, kuma yawancin yaran birni ba su san su ba. Rubuta su yadda ake furta su, tare da sunan garin da aka ji su, aiki ne da ɗalibin wannan kwas zai iya farawa tun yanzu.

8.0 Tambayoyi

1. Me ya sa g ta farko a gegužė ta koma dz a Latbiyanci, amma ta biyu ba ta sauya ba?
2. A Lituwaniyanci akwai gintaras da geltonas. Da wane baƙi kake sa ran takwarorinsu na Latbiyanci za su fara? Kawo dalili.
3. Kawo hujja biyu da ke nuna cewa ž ɗin dzegužu ba gado ba ce.
4. Kwatanta dzeguzes ola da 'ƙwan kaza' ta fuskar jerin kalmomi da alamar mallaka.
5. Tattara sunayen tsuntsaye goma daga karin harshen garinku, ka nuna jinsin kowane da jam'insa, sannan ka ja layi a ƙarƙashin duk inda aka sami ganɗantawa.